Mahaɗin da Ba Ya Karyewa

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da matarka da yara. Inna tana nan yadda ka bar ta, ƙafar dama ba ta motsi, amma bakin bai rasa komai ba. Ta ce in tambaye ka ko an toshe hanyar gidan da aka haife ka ne.

Ranar da waya ta ga dama ta kama a nan, na kira ka. Na yi ta ihu har maƙwabta suka leƙo, kai kuwa sai "Na'am? Wa ke magana?" Tun da guduma ta cinye maka kunne, sai ka saurare ni da ido. Direban motar da ke zuwa nan ne zai miƙa maka wannan, shi kuma zai karɓi amsa.

Shekaranjiya na kai Inna asibiti. A kan bencin jira na zauna kusa da wani mutum, hannunsa ɗaure a wuya, rabin fuskarsa a saɓule. Aikinsa kai ƙwai shaguna da keke mai jan amalanke a baya, irin na yarinyar nan 'yata. Ya ce a miƙaƙƙen titi ne, babu rami, babu wanda ya buge shi, kawai ya ji tayar baya ta fice daga ƙarƙashinsa.

"Amma mahaɗin nan da ke haɗa amalanke da keke, Malama," in ji shi, yana magana iska na fita ta gurbin haƙoransa, "ko gezau! Keke ya tafi, ƙwai ya tafi, haƙorana sun tafi, shi yana nan kamar yau aka ƙera shi. Wanda ya yi shi Allah ya yi masa albarka."

Na ce wane ne ya yi shi? Ya ce bai sani ba, wani ɗan kasuwa ke kawo su. Shuɗi ne, da ɗigon walda uku a gefe.

Auta, na san hannun da ke yin ɗigon nan uku. Ni na koya masa riƙe cokali.

Na bar Inna wurin ma'aikaciyar jinya, na je rumfar mai gyaran keke da ke bayan kantin magani, inda aka kai gawar keken. Ba shi kaɗai ba ne. A jikin bango an jingine wasu, kuma kowanne a wuri ɗaya ya gutsure: siririn ƙarfen nan na hagu da ke riƙe da tayar baya, dab da inda mahaɗi ya kama shi. Kowanne da shuɗin mahaɗinka a maƙale, lafiya lau, yana ƙyalli. Mai gyaran ya ce laifin kekunan zamani ne, wai da gwangwani ake yin su. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin keken da ba ya jan komai ya karye a nan. Ya sosa ƙeya ya ce bai lura ba.

Ka tuna mahaɗin da ya zo da amalanken yarinyar nan yana da roba mai kauri a tsakiya, mai lanƙwasa ko'ina. Robar tana yawan yagewa, kai kuma ka ce abin kunya ne a ce 'yar yayar mai walda tana ɗaure kaya da roba. Ka cire, ka ƙera mata na zallan ƙarfe, na farko da ka taɓa yi, tun kafin ka fara sayarwa. Ke nan nata ya fi kowanne daɗewa a kan keke. Kuma kullum da shi take gangarowa daga shagon littattafaina da ke kan tudu, amalanke cike da littafi, zuwa makarantar da ke ƙasa, inda gangarar ke ƙarewa a bakin babban titin manyan motoci.

Ka cire mata shi yau, ka mayar da mai robar. Ba shawara nake ba ka ba.

Yayarka.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode. Kowa lafiya. Ki ce wa Inna ina nan tafe da zarar aiki ya sassauta, kuma ta daina zagina a gaban baƙi.

Wallahi na yi dariya har yaran shago suka ɗauka wani abu ne. Wato mutum ya faɗi, ya tashi ba haƙora, yana sa wa aikina albarka, ke kuma kin je kin kama ni da laifi. Ashe yanzu abu ya yi ƙarko ma laifi ne? Ran Malama ya daɗe, a wane shafi aka rubuta haka?

Mai gyaran nan ya gaya miki gaskiya. Kekunan yanzu in kika matsa da yatsa sai su lotsa. Masu ƙwai kuma na san su, sai su loda abin da jaki zai ƙi, su ce keke ya ja. Ni nawa mahaɗi ne. Tun da na fara yi, ba wanda ya taɓa dawo min da guda ya ce ya karye. Ko ɗaya. Ki tambayi duk wanda kike so.

'Yar Keke tana nan ƙalau, tana cin abinci kamar mai aikin gini. Haka duk unguwa ke kiranta yanzu, har mai shayi. Na karanta mata takardarki, ta ce, "Kawu, Umma ta rasa wanda za ta yi wa gyara a can, shi ya sa ta waiwayo mu." Ni dai ba ni na faɗa ba.

Mai robar ma ban san inda yake ba, ina jin ya bi 'yan gwangwan. Ki kwantar da hankalinki ki ji da Inna. Ke kin san takarda, ni na san ƙarfe. Ban taɓa zuwa shagonki na ce ga yadda za ki jera littafi ba.

A gaida Inna, a gaida maƙwabtan da na sa aka tayar wa hankali.

Ƙaninki.

Auta,

Gaisuwa. Inna ta ji saƙonka, ta ce baƙi ma sun gaji da ji.

Kada ka ƙara kiran min yarinya 'Yar Keke. Ba keke ne ya yi naƙudarta ba.

Ka ce ba wanda ya taɓa dawo maka da mahaɗi. To me zai kawo shi? Wanda keke ya karye da shi a titi ba shagon mai walda ake kai shi ba, asibiti ake kai shi, kuma a can na same shi. Kana zaune a inda labari ba ya zuwa, kana murna ba ka ji labari ba.

Tun da ka tambayi shafi, akwai wani tsohon littafi na masu koyon aikin inji a shagona, a kanta ta ƙasa, kusa da taga, mai koren bango. Marigayi maigidana ne ya saye shi, na karanta shi lokacin da nake jinyarsa don ba abin da ya rage ban karanta ba. Amma ba sai ka wahalar da kanka ba. Ɗauki wayar rataye riga. Ja ta da duk ƙarfinka, ba za ta tsinke ba. Yanzu lanƙwasa ta gaba, ka mayar baya, gaba, baya, a hankali, kamar mai wasa. Ka ga abin da zai faru.

Haka amalanke ke yi. In an taka feda yana ja baya, in an taka birki yana turo gaba, a kwana yana murɗawa, a kowane rami yana fizga. Wannan motsin dole wani abu ya sha shi. Da robar ce ke sha, shi ya sa take yagewa. Aikinta ke nan, ta mutu a madadin keke, kuma a fili take yi, kowa na gani, a canza ta. Kai ka zo ka ga abu yana yagewa, zuciyarka ta mai walda ta kasa daurewa. Ka sa ƙarfen da ba ya lanƙwasa ko kaɗan. Motsin bai daina ba, Auta. Ya wuce ta cikin ƙarfenka ya sauka a kan siririn ƙarfen keke, a ƙarƙashin fenti, inda ba mai gani.

Ba na neman ka yarda da ni. Abu ɗaya za ka yi. Ka kifa keken, ka kankare fentin da ke gefen mahaɗin ta hagu, ka goge da tsumma, ka duba a rana da tabaranka, ba da girman kanka ba. In ba ka ga komai ba, ka rubuto ka yi min dariya, zan shanye. In ka ga wani abu kamar silin gashi, to ka kulle keken nan a ɗaki, ka sa makullin a aljihu.

Da zan iya barin Inna da na zo na yi da kaina. Ba ta iya juyawa a gado sai an juya ta.

Yayarka.

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi.

To, ba zan yi miki dariya ba. Na kankare, na gani. Siririya ce ƙwarai, sai da na shafa baƙin mai na goge sannan ta fito, ta zagaye kusan rabin ƙarfen. Na zauna a kan benci har matata ta aiko a tambaya ko lafiya.

Kin yi gaskiya a nan, na ba ki. Idonki ya fi na mai gyaran can.

Amma ki yi murna, an gama da ita. Na bi tsagar da walda tun daga farkonta har ƙarshe, na cike ta tsaf. Ban tsaya nan ba. Na yanko ƙarfe mai kauri na naɗe wurin kamar an sa wa ƙafa takalmi, na haɗe shi da mahaɗin gaba ɗaya suka zama abu guda. Na gurje, na shafa fenti. Yanzu ko giwa aka ɗaura wa wurin nan ba zai motsa ba. Yini guda na kashe a kai, na kori masu ƙofofi da tagogi duk na ce su dawo gobe.

Batun kulle keke kuwa, ba a yi ba. Yarinyar ta tsaya a kaina har na gama, fentin ma bai gama bushewa ba ta haye. Ta ce yara na jiran littattafansu. Kin san ta, kuma kin san inda ta gado.

Wayar rataye rigar ma na gwada. Ta karye, amma ai waya ce.

Ki yi barci da kyau yanzu.

Ƙaninki.

'Yata,

Ina gaishe ki, Allah ya yi miki albarka. Kakarki tana tambayarki kullum, ta ce ko kin yi ƙiba.

Na daina rubuta wa kawunki a kan wannan magana, don na gane kowace takarda na aika masa sai ya ƙara wa keken ƙarfe. In na sake rubutawa ina tsoron ya yi masa rufin kwano. Mutumin kirki ne, yana son ki kamar ransa, kuma abu ɗaya ya iya yi wa duk abin da yake so: ya ƙara masa ƙarfi. Ko zazzaɓi kika yi, da zai samu hanya da ya yi miki walda.

Ki saurare ni da kyau. Abin da ya yi bai gyara komai ba. Ƙarfen keke siriri ne kamar bututun ruwa. Ya gasa shi da wuta, wutar ta raunana gefen da ba ta cike ba, sannan ya ɗaure wurin tam. Fizgar amalanke tana nan, ta matsa gaba kaɗan ne kawai, zuwa inda kaurin ya ƙare siririn ya fara. Can za ta ci. Da tsagar tana inda muka san za mu duba. Yanzu ya rufe ta da sabon fenti, ban san inda take ba, shi ma bai sani ba.

Na ga mutumin da abin ya faru da shi a miƙaƙƙen titi, yana tafiya a hankali don kada ƙwai ya fashe. Na ga fuskarsa. Ke kuma a gangara kike, da nauyin littafi a bayanki, ƙarshen gangarar kuma kin san abin da ke wucewa a wurin. Ina wanke wa kakarki jiki ina ganin kwanar nan. Ina dama mata koko ina ganin ta.

Ki ajiye keken. Ki gaya wa shugabar makaranta aron littafi ya tsaya sai na dawo. Yara ba za su mutu don sun yi wata ba su karanta labarin zomo ba. In sun matsu, ƙafa gare su, su hauro tudu.

Ban taɓa hana ki hawa keke ba, ko lokacin da dangin ubanki suka cika min ɗaki da surutu a kai. Ni na tsaya miki. Yau ni ce nake cewa ki sauka. Ki yi min wannan ko da kina ganin na haukace.

Mahaifiyarki.

Umma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jinya, Allah ya ba da lada. Ki ce wa Kaka ban yi ƙiba ba, amma ƙafafuna sun zama kamar na ɗan dambe.

Na karanta takardarki ban san sau nawa ba. Ban ce kin haukace ba, kuma na san don ni kike yi. Amma Umma, ba ki hau keken nan ba, ni nake hawansa.

Kin manta zamanin robar? Ni ban manta ba. Ranar da ta yage a gaban masu wankin mota, amalanke ya kife, na durƙusa ina tsince littattafai daga kwata suna tafa min. Ranar da na turo shi da hannu tun daga ƙasa har shago. A lokacin, shugabar makaranta ba ta sa ni a lissafi, in na zo to, in ban zo ba to. Yanzu an ware min lokaci a jadawali. In na shigo ƙofa yara ihu suke yi. Akwai wata ƙarama da ba ta magana da kowa a aji, amma tana jira na a bakin ƙofa ta karɓi nata ta ɓoye a riga. Ita zan ce wa ta hauro tudu?

Kuma keken ya fi da. Kafin Kawu ya gyara, akwai wata 'yar ƙara da nake ji in na sha kwana, ƙis, ƙis, ban gaya wa kowa ba. Yanzu ta ɗauke gaba ɗaya, shiru kake ji. Abin da kawai na lura, in na taka birki a gangara sai in ji amalanken ya dafa ni ta baya, kamar mutum ya sa tafin hannu yana tura ni. Wani lokaci bayan keken yakan ɗan yi gefe. Amma na saba, na san yadda nake karkata jiki.

Na rage kaya, na rantse miki. Ina sauka a hankali.

Umma, a gidan nan ke ce mai karatu, Kawu ne mai hannu. Ni wannan ne abu guda da na iya wanda ba wanda ya koya min. Don Allah kada ki karɓe shi daga nesa, a kan keken wani mai ƙwai da ban taɓa gani ba.

Ki yafe min. Gobe ma zan je.

'Yarki.

Auta,

Gaisuwa. Ka karanta wannan, ka ba yarinyar nan ta karanta.

Da na gama karanta takardarta na ɗaura mayafi na fita neman mota. Ban kai bakin hanya ba aka biyo ni da gudu, numfashin Inna ya sarƙe. Yanzu ta dawo hayyacinta, amma likita ya ce kada a matsa daga kusa da ita. Ta riƙe min zane ko ruwa zan ɗebo. Uwata a nan, 'yata a can, ni kuma jiki ɗaya gare ni.

Ƙarar da ta daina ji, da hannun da take ji yana tura ta, da bayan keke da ke yin gefe, duk ta rubuto min su a matsayin albishir.

Na roƙe ka, ka ƙara ƙarfe. Na roƙe ta, ta ba ni haƙuri. Keken nata ne, mahaɗin naka ne, ba ni da iko da ko ɗaya. Amma littattafan nawa ne.

Na rubuta wa shugabar makaranta, direba ya riga ya kai mata. Na ba makarantar littattafan shagon duka, kyauta, har da na marigayi, har da waɗanda ba na ba kowa aro. Su buɗe ɗakin karatu a can ƙasa, yarinyar nan ta riƙa kula da shi in tana so, ta je da ƙafa ko ta hau keke ba kaya. Ƙaramar da ke jiran ta a bakin ƙofa za ta same ta kullum. Shago kuma a mayar wa mai shi da makullinsa.

Kada wanda ya ce min komai. Tun kafin a haife ta nake tara su, na san wanda ruwa ya taɓa, na san wanda ɓera ya ci wa gefe. Na san abin da na bayar. In ba kaya, ba abin da amalanke zai ja, shi ke nan.

Ka nemo motar ɗaukar kaya ta kwashe su. Ka ji ni da kyau, Auta: mota. In ta ƙi ni saboda wannan, ta ƙi ni tana da rai.

Sauran mahaɗan da ka sayar kuma, ka nemi ɗan kasuwar nan ka san yadda za ka yi da su. Wannan tsakaninka da Allah ne, ni ƙarfina ya ƙare a kan guda ɗaya.

Yayarku.

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, Allah ya ba Inna lafiya.

Na kawo mota kamar yadda kika ce. Amma masu lodin ba su san darajar littafi ba, jifa suke yi kamar bulo. Wani babba na marigayi ya faɗi bangonsa ya rabu. Nan yarinyar ta taso musu. Ta kore su, ta sauke waɗanda suka loda, ta ce littattafan ubanta ba za su bar shagon nan a hannun kowa ba sai nata.

Na tuna mata maganarki. Ta ce ai daga yau an gama, ta bi umarninki. Na ga tana kuka, na ƙyale ta. Sai na yi tunani, tun da hawa da saukar ne ba kya so, gara a rage su. Na taya ta muka shirya manyan duka a tafiya ɗaya, na ɗaure da igiya sosai. Ban taɓa ganin amalanken ya ɗauki kaya haka ba. Na duba waldar kafin ta tashi, tana nan daram.

Ta gangara tun da hantsi. Ina jin shugabar makaranta ce ta riƙe ta da godiya. Direban da zai kawo miki wannan yana ta danna min hon, ba zan iya jiran ta ba.

A gaida Inna.

Ƙaninki.